Beruwa ko taliyar leda? Abin da binciken jami'o'i ya gano a kan abincin masana'anta

In ka shiga kasuwar Kiyeshe, ko ta Dogon Dutsi, ko ta Tibiri, ka tsaya gaban mai tebur ka dubi hajarsa da kyau. Za ka ga biskit iri-iri, da alewa, da cingam, da garin lemu wanda ake damawa a ruwa, da lemun kwalba, da taliyar leda mai dahuwa cikin minti kaɗan, da dunƙulen magi. Tambayi dattawan garinku, za su gaya maka a ƙuruciyarsu ba su san mafi yawan waɗannan kaya ba. Yau kuwa yaron da aka ba dala biyar ya san inda zai nufa da ita. Da yawa daga cikin kayan suna shigowa ne daga Nijeriya, wasu kuma daga ƙasashe masu nisa.

Shekaru fiye da 15 ke nan malaman jami'o'i na ƙasashe da dama suna bin diddigin irin wannan abinci, don su san abin da yake yi wa jikin ɗan Adam. A watan Nuwamba na shekarar 2025, wata babbar mujallar likitoci ta Ingila mai suna The Lancet ta buga rahotanni uku waɗanda masana 43 suka haɗu suka rubuta. Sun ce a ko'ina cikin duniya wannan abinci yana ture abincin gargajiya daga kwanon mutane, kuma hujjojin cutarwarsa sun isa hukumomi su ɗauki mataki. Tun da maganar ta kai haka, ya kamata ku san yadda aka yi binciken, da abin da ya tabbata, da abin da masana ke jayayya a kai, da kuma inda ya shafi gidajenku a ƙasar Arewa.

Wane abinci ake nufi?

Da farko mu kawar da wani ruɗani. Sarrafa abinci ba laifi ba ne. Surfe, da daka, da niƙa, da shanya, da gashi, da jiƙa gero ya yi tsami, duk sarrafawa ce. Da ita ake samun fura, da daddawa, da ƙuli-ƙuli, da kilishi, da cuku. Ba don ita ba da amfanin gona bai kai mutane bazara ba. Ba wannan ne masana ke tsoro ba.

Wanda ya fara bambancewa wani malami ne na Jami'ar Sao Paulo a ƙasar Brazil, sunansa Carlos Monteiro. Ya lura da wani abin mamaki: mutanen ƙasarsa sun rage sayen sukari da mai don girki, amma ƙiba da ciwon sukari sai ƙaruwa suke yi. Da ya duba, sai ya ga ba barin sukari da mai suka yi ba. Girkin ne suka rage, suka koma sayen abin da kamfani ya riga ya haɗa, wanda sukari da mai ke ɓoye a cikinsa. A shekarar 2009 ya rubuta wannan ra'ayi, daga baya shi da abokan aikinsa suka kasa abinci kashi huɗu, suka sa wa tsarin suna NOVA.

Kashi na ɗaya shi ne abinci yadda yake, ko wanda aka taɓa kaɗan: gero, dawa, wake, gujiya, gyaɗa, nono, ƙwai, nama, zogala, busasshiyar kuɓewa. Kashi na biyu kayan girki ne, irin su man gyaɗa, man shanu, gishiri, sukari da zuma. Kashi na uku shi ne abin da aka samu in an haɗa na ɗaya da na biyu ta hanyar da kowace mai girki za ta gane, kamar kilishi, ko kifin gwangwani mai gishiri da mai, ko burodin da ba a sa masa komai ba sai fulawa, ruwa, gishiri da yis.

Kashi na huɗu shi ne abin da muke magana a kai. A nan masana'anta ba ta dafa abinci ba ne kawai. Tana farfasa masara, ko alkama, ko waken soya, ko kwakwar manja, ta ciri sitaci daban, mai daban, zaƙi daban, sannan ta sake harhaɗa su da sinadaran launi, da na ƙanshi, da na ɗanɗano, da masu hana lalacewa. Abin da ya fito yana da daɗin baki, yana da araha, yana daɗewa a kan tebur bai lalace ba. A wannan rubutu za mu riƙa kiransa haɗin masana'anta. Alamar gane shi ba ta da wuya: a cikin kayan haɗinsa akwai abubuwan da ba za ka taɓa samu a madafar gida ba.

Misalin da ya fi kusa da ku shi ne beruwa, wadda aka san matan Arewa da gwanintar yin ta. Ana surfa wake, a niƙa, a mulmula shi ƙanana da hannu, a turara, a shanya. Aiki ne mai yawa, ya ma fi na abinci da dama wuya. Beruwa tana ajiyuwa watanni, ba ta da wuyar dahuwa, ana zuba ta a leda a kai ta har Yamai. Waɗannan su ne amfanin da ake sayen taliyar leda dominsu. Amma beruwa har yanzu wake ce, da duk abin gina jiki da ke cikin wake. Taliyar leda irin su Indomie kuwa farar fulawa ce da aka soya a mai, aka haɗa ta da ƙullin gishiri da sinadaran ɗanɗano. Dukansu a leda suke, amma ba danginsu ɗaya ba.

Yadda aka yi binciken

Hanya ta farko ita ce a bi mutane masu yawa shekara da shekaru, ana rubuta abin da suke ci, ana kuma duba cutar da ta same su. A Faransa, masu bincike na wata jami'a da ke arewacin birnin Paris, ƙarƙashin jagorancin malama Mathilde Touvier, sun bi mutane fiye da 100,000. A 2018 suka bayyana cewa duk lokacin da rabon haɗin masana'anta ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 a abincin mutum, haɗarin ciwon daji yakan ƙaru da kashi 12 cikin 100. A 2019 suka sami kusan irin wannan sakamako a kan ciwon zuciya da na jijiyoyin jini, daga baya kuma a kan ciwon sukari.

Mu tsaya mu fahimci wannan lissafi, don kada ya tsorata ku fiye da kima. Ba ana nufin mutum 12 cikin kowane 100 za su kamu ba. Ana nufin in a cikin wata jama'a mutum 100 ne za su kamu da cutar, to a cikin jama'a mai yawanta ɗaya wadda ta fi cin wannan abinci, mutum 112 ne za su kamu. Ga mutum guda ƙarin ba shi da girma. Ga ƙasa baki ɗaya kuwa dubban marasa lafiya ne.

A 2024 masana na Jami'ar Deakin ta ƙasar Ostireliya suka tattara irin waɗannan bincike da aka yi a kan mutane kusan miliyan 10. Sun sami dangantaka tsakanin yawan cin haɗin masana'anta da matsalolin lafiya 32. Hujja ta fi ƙarfi a kan mutuwa ta dalilin ciwon zuciya, da ciwon sukari, da damuwar rai.

To amma mai hankali zai yi tambaya. Wanda ya fi cin irin wannan abinci wataƙila shi ne ya fi shan taba, ya fi zama wuri ɗaya, ko ya fi talauci. Ta yaya za a san abincin ne ya jawo cutar? Masu bincike suna ƙoƙarin cire waɗannan dalilai a cikin lissafinsu, sai dai ba su fita duka. Ganin hadari da ganin raƙumi a rana ɗaya ba ya nufin raƙumi ne ya kawo ruwa. Don haka aka bukaci hanya ta biyu, wato gwaji.

A 2019 wani masani mai suna Kevin Hall, na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya ajiye mutane 20 a asibiti har mako huɗu. Mako biyu ana ba su haɗin masana'anta, mako biyu kuma abincin da aka girka daga kayan kashi na ɗaya. An daidaita abincin biyu ta fuskar yawan sukari, da mai, da gishiri, aka ce kowa ya ci iya ƙoshinsa. A makonnin haɗin masana'anta, kowannensu ya riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana ba tare da ya yi niyya ba. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma 500 daidai yake da abin da ke cikin leda guda ta Plumpy'nut, wato kwaɓin gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa a gidan likita. Cikin mako biyu nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Da suka koma ɗaya abincin, kusan kilo ɗayan ya zube. Wani abin lura shi ne, da aka tambaye su, ba su ce wani abincin ya fi wani daɗi ba. Abin da aka gani shi ne sun fi saurin cin haɗin masana'anta.

A 2025 wata jami'a ta birnin Landan mai suna University College London ta yi wani gwajin da mutane 55, mako takwas a kan kowane irin abinci. A wannan karo an zaɓi haɗin masana'anta mafi kyau, wanda ya bi ƙa'idodin cin abinci na hukumar lafiyar Ingila. Duka ɓangarorin biyu sun rage nauyi, amma da girkin gida an rage kashi 2 cikin 100, da haɗin masana'anta kuwa kashi 1 kawai.

Akwai kuma gwajin da aka yi a Afirka. A yankin Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, wata jami'ar likitanci ta wurin tare da Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan sun yi aiki da maza 77, suka buga sakamakon a 2025. Wasu mutanen karkara sun bar abincinsu na gargajiya, mai wake da hatsi da ganye, suka koma abinci irin na Turai har mako biyu. Wasu mutanen birni kuma suka yi akasin haka. A jinin waɗanda suka koma abincin Turai an ga alamun kumburin cikin jiki sun ƙaru, garkuwar jikinsu kuma ta rage kuzari wajen tunkarar ƙwayoyin cuta. A jinin waɗanda suka koma na gargajiya alamun kumburin sun ragu. Mako biyu kacal.

Me ya sa yake haka?

Masana suna kawo dalilai da yawa. Haɗin masana'anta yana da laushi, ba ya bukatar tauna, sai mutum ya cika ciki kafin jiki ya sanar da shi ya ƙoshi. An cire masa dusa, wadda ita ce ke sa abinci ya daɗe a ciki. An tara ƙarfi mai yawa a loma kaɗan. Ana kuma zargin wasu sinadaran da ake sawa don mai da ruwa su haɗu: a 2015 masu bincike na Jami'ar Jihar Jojiya a Amurka sun ga biyu daga cikinsu suna dagula ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji. Sai dai da ɓeraye aka yi wannan gwaji, kuma ɓera ba mutum ba ne.

Manomi ba ya bukatar a gaya masa tuwo yana riƙe ciki. Amma an auna. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da likitocin birnin Bamako sun ba mutane abinci iri-iri, suka auna tsawon lokacin da kowanne ke yi kafin ya bar tumbi. Sakamakon da suka buga a 2018 ya nuna tuwon gero, da tuwon dawa, da burabuskon gero suna yin kusan ninki biyu na lokacin da shinkafa, ko dankalin Turawa, ko taliya ke yi. Abin da kakanninku suka sani da jikinsu, shi ne na'ura ta tabbatar.

Inda masana suka saɓa

Ba duka masana suka yarda da tsarin NOVA ba. Wasu sun ce kashi na huɗu ya yi faɗi da yawa, ya haɗa lemun kwalba da burodin leda mai dusa a buhu ɗaya, alhali ba ɗaya suke ba. Suna da gaskiyarsu. A 2024 Jami'ar Harvard ta buga binciken da ya bi ma'aikatan lafiya fiye da 100,000 har shekara 30 da ɗoriya. Ƙarin haɗarin mutuwa ga masu yawan cin haɗin masana'anta kashi 4 cikin 100 ne kawai, kuma mafi yawan laifin ya faɗa a kan naman da aka sarrafa a kamfani da abin sha mai zaƙi. Manyan kamfanonin abinci su ma suna sukar tsarin, amma mai haja ba ya kushe hajarsa, saboda haka a saurare su da lura.

Mutanen Nijar suna da hujjar kansu cewa ba duk abin da ya fito daga masana'anta ne abin gudu ba. Plumpy'nut da muka ambata haɗi ne na gyaɗa, da garin madara, da sukari, da mai, da sinadaran gina jiki. An ƙirƙiro shi a Faransa a 1996. A yunwar 2005, ƙungiyar likitocin duniya ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma da irin wannan abinci aka ceci akasarinsu. In aka bi tsarin NOVA, shi ma haɗin masana'anta ne. Amma magani ne, na yaron da aka auna aka rubuta wa. Uwar da aka ba shi kada ta ji tsoronsa saboda wannan rubutu, kada kuma a raba shi da sauran yaran gida, balle a kai shi kasuwa.

Ina ruwan mutanen Arewa?

Wani zai ce: wannan damuwar masu ƙoshi ce. A Amurka da Ingila fiye da rabin ƙarfin abincin mutane daga haɗin masana'anta yake fitowa. A Kiyeshe kuwa fura da tuwo ne abincin yau da gobe, kuma abin da ke hana maigida barci shi ne ko rumbu zai kai kaka. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa manyan binciken da muka kawo an yi mafi yawansu ne a Turai da Amurka, a kan mutanen da rayuwarsu ta sha bamban da taku. Amma a ganinmu, talauci ba ya kare ku daga wannan matsala. Yana sauya mata kama ne kawai.

Ku dubi yara. Binciken ƙasa da aka yi a Nijar a 2022 ya nuna yara 47 cikin 100, ƴan ƙasa da shekara 5, sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Tumbin yaro ɗan shekara ɗaya ƙarami ne. Abin da ya shiga, ya tare wa wani abu wuri. A ƙasar Nepal, wadda ita ma talaka ce, ƙungiyar Helen Keller tare da wata makarantar koyon kiwon lafiya ta Landan sun auna abincin yara fiye da 700 masu watanni 12 zuwa 23, suka buga sakamakon a 2019. Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin abincin yaran daga biskit, da alewa, da taliyar leda, da lemu yake fitowa. Ga waɗanda suka fi ci, abin ya kai kusan rabi. Waɗannan yara ba ƙiba suka yi ba. Sun fi sauran ƙarancin sinadaran gina jiki, kuma sun fi su gajarta.

Wannan ne darasin da ya fi shafar ƙasar Arewa. Biskit yana sa yaro ya yi shiru, yana kashe masa yunwa, amma ba ya gina shi. Uwar da ta saya masa ba sakaci ta yi ba. Tana daka, tana ɗiban ruwa, tana neman itace, ga yaro yana kuka, ga mai tebur a ƙofar gida. Sau da yawa ma uba ne ko kaka ke sayowa don nuna ƙauna. Sai dai dala biyar ɗin nan ko dala goma, da ta tafi ga ƙuli-ƙuli, ko ƙosai, ko dafaffiyar gujiya, da ta fi yi wa yaron aiki. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2023, ta ce kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 2 abin sha mai sukari, ko abinci mai yawan sukari da gishiri.

Manya ma ba su tsira ba. Masana sun daɗe da lura cewa wanda ya yi tamowa yana ƙarami, in ya girma ya sami abinci mai yawan zaƙi da maiƙo, ya fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon sukari. Ga shi kuwa samarin Arewa da yawa suna tafiya cin rani birane, inda shayi da burodi, da taliyar leda, da lemun kwalba suka zama abincin mai neman kuɗi. A farkon 2025 Jami'ar Tufts ta Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 abin sha mai sukari ya jawo sabbin masu ciwon sukari miliyan 2 da dubu 200 a duniya, kuma a Afirka kudu da Sahara fiye da mutum ɗaya cikin biyar na sabbin masu ciwon ta wannan hanya suka same shi. Ciwon sukari da hawan jini ba irin zazzaɓi ba ne da ake sha wa magani kwana uku. Magani ne na har ƙarshen rai, da tafiya gidan likita a kai a kai. Gidan da ya dogara da damina ɗaya, irin wannan ciwo yana iya cinye masa awaki da gona.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce giram 50, wato kimanin ƙaramin cokali 12, in ma da hali ya tsaya a rabin haka. Gwangwani ɗaya na lemun kola mai santilita 33 yakan ƙunshi kimanin giram 35. A nan sai mu faɗi gaskiya ko da ba daɗi: sukarin da ake zubawa a butar shayi, da wanda ake ƙara wa fura da kunu, shi ma yana cikin lissafin. Jiki ba ya tambayar daga ina sukari ya fito.

Magi da garin madara

Akwai kaya biyu da suka shiga kusan kowane gida, har an manta daga masana'anta suke. Na farko dunƙulen magi, ko Maggi ne, ko Jumbo, ko waninsu. Ana ta yaɗa jita-jita a kansa, amma matsalar da aka tabbatar ita ce gishiri: kusan rabin nauyin dunƙulen gishiri ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a rana ga babba, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Mai girkin da ta jefa dunƙule uku ko huɗu, ta ƙara farin magi, sannan ta barbaɗa gishiri yadda ta saba, ta tara gishiri a kan gishiri, shi kuwa yawansa yana tayar da hawan jini. A ɗaya gefen, saboda dunƙulen yana kaiwa har ƙauyen da mota ba ta zuwa, wasu masana suna ganin hanya ce ta isar da sinadaran da jiki ke rasawa. Tun 2012 aka fara ƙara wa Maggi sinadarin ƙarfe a Afirka ta Yamma, kuma Jami'ar Kaliforniya da ke Davis tare da Jami'ar Gana sun yi gwajin dunƙule mai ƙarin sinadarai a arewacin Gana. Ba sai kin jefar da shi ba. Ki rage yawansa, ki rage gishiri a ranar da kika sa shi, ki bar wa daddawa, da daddawar batso, da gabu wurinsu a miya.

Na biyu shi ne garin madara da ake aunawa a ƙulla a leda. Da yawa daga cikin wanda ake shigowa da shi Afirka ta Yamma daga Turai ba cikakkiyar madara ba ce. An cire mata man shanunta an sayar daban, an maye gurbinsa da man kwakwar manja saboda araha. Da zarar an juye buhu an ƙulla a leda, babu sauran rubutun da zai gaya maka haka. Ba guba ba ce, amma ba nonon da Bafulatana ke kawowa ba ne, kuma sam bai dace a shayar da jariri da ita ba. Jariri nonon uwa zalla yake bukata har wata 6.

Me hukumomi ke yi?

Brazil ta sa gargaɗi a kan haɗin masana'anta cikin shawarwarin cin abinci na ƙasa tun 2014. A wannan shekara Meziko ta ɗora haraji a kan lemun kwalba. A 2016 ƙasar Chile ta tilasta wa kamfanoni su buga baƙin tambari a gaban duk ledar da sukari, ko gishiri, ko maiƙo ya yi wa yawa, ta kuma hana sayar da irin waɗannan kaya a makarantu. Binciken da aka buga a 2020 ya nuna sayen abin sha mai yawan sukari ya ragu da kusan kashi 24 cikin 100. Maƙwabciyarku Nijeriya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemun kwalba a 2022, kuɗin da masu fafutukar kiwon lafiya suka ce ya yi kaɗan. Daga cikin waɗannan dabaru, tambarin Chile ne ya fi dacewa da ƙasa irin Nijar, domin ko wanda bai yi karatu ba yana gane baƙin tambari.

Karatunku zai yi muku aiki

Kafin a sami irin wannan tambari, ku da kuka koyi haɗa baƙi kuna da abin da maƙwabtanku ba su da shi. In leda ta shigo hannunku, ku juya bayanta. Akwai wurin da aka jera kayan haɗi, da Faransanci ko da Ingilishi. Dokar jerin ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Ku koyi kalmomi kaɗan: sucre ko sugar shi ne sukari, sel ko salt gishiri, huile de palme man kwakwar manja, colorant launi, arôme ƙanshi. Harafin E da lamba a bayansa, kamar E102 ko E621, sunan sinadarin da aka ƙara ne. In sukari ne a farko ko na biyu, in jerin ya yi tsawo da sunayen da ba ku sani ba, to haɗin masana'anta ne: a ci shi jefi-jefi, ranar salla ko biki, kada ya zama karin kumallon yaro. A buhun madara ko gwangwaninta ku nemi kalmomin matière grasse végétale. In suna nan, an sauya man. Ku kuma duba ranar da kayan zai lalace.

Ga yaron da ya wuce wata 6, kunun gero tsirara bai isa ba, ko da yake ba na masana'anta ba ne. A ƙara masa garin wake ko na ƙuli-ƙuli, da ɗan man gyaɗa, da garin zogala, ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba. Inda ake samun garin Misola, wanda aka fara yi a Fada Ngurma ta Burkina Faso a 1982 daga gero, da waken soya, da gyaɗa, shi ma yana da kyau. Babban da ya wuce shekara 40, ko mai yawan ciwon kai, ko mai yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ya je gidan likita mafi kusa a auna masa jini da sukari, ko da yana jin ƙarfinsa.